Ƙwaron Soso a Garin da Babu Kogi

Wanda ya tarbe ni a Jidda ba shi ne wanda muka yi ta magana da shi a waya ba. Wani dogo ne, ya ɗaga kwali da sunana a rubuce ba daidai ba, ya miƙo hannu ya karɓi fasfona tun kafin ya gama amsa sallama. Na ƙetare iyakoki da dama a rayuwata, na kuma san matafiyi ba ya rabuwa da fasfo. Amma harami ne a jikina, bakina yana talbiyya, na ɗauka duk wanda ya zo kai ni Ɗakin Allah ba zai cuce ni ba. Na sakar masa.

Shekarata hamsin da tara a lokacin. Ni Basarke ne daga Yawuri, a cikin jirgin su na yi wayo. Na yi shekaru a Garwa, na yi aiki a wani sansani a bakin kogin Faro inda Turawa suke zuwa kamun tsage da giwan ruwa don nishaɗi. Na yi Gabon, na yi shekara uku a Khartum a wata masana'antar ƙanƙara. A hanya na tsinci Fulatanci, Faransanci, Turanci da Larabcin Sudan. Da waɗannan harsuna aka yaudare ni. An ce wani otel a Makka yana neman dattijo tafinta saboda alhazan ƙasashenmu. Na sayar da jirgina da injinsa na taho.

Babu otel. Dogon ya sauke ni a unguwar Kudai a Makka, kusa da tashar motocin alhazai, a wani ɗaki mai gado shida, uku a kan uku. Bayan makonni ya dawo mini da fasfo da katin iƙama, wato takardar zama, ta shekara ɗaya. A jikin katin akwai sunan kafili, mutumin da ya tsaya mini, wanda har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na tambayi aiki. Dogon ya ce, "Baba, ai ka shigo. Sauran kai da ƙafarka."

Wata goma sha ɗaya na yi ina cin abinci da bakina. In na ga alhazan Mali ko na Gini sun tsaya a kanti suna nuna kaya da yatsa, sai in matsa in yi musu ciniki, su ba ni abin da ya sauwaƙa. Rannan in ci, rannan in sha ruwa in kwanta. Abin da ya riƙe ni shi ne Hajji. Na bara ya wuce ni ban sami takardar izini ba, na kuma ƙudurta ba zan koma Yawuri ba jirgi ba Hajji ba.

Saura wata uku a hau Arfa dogon ya kira ni. Ya ce kafili ba zai sabunta mini iƙama ba. In na sami wanda zai karɓe ni kafin ta mutu, zai sake ni, ba gardama. In ban samu ba, zai rubuta cewa na gudu, ya wanke hannunsa. Hurub suke ce wa wannan. Wanda aka rubuta wa hurub, duk inda aka tsayar da shi sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgi, kuma shekaru ne kafin a bar shi ya sake shigowa. A shekaruna, na san ma'anar wannan.

Na taɓa jin tsoro. Dorina ta taɓa ɗaga jirginmu a Faro. A Libarbil wani jandarma ya taɓa ɗora mini bakin bindiga a kunne saboda takardar da take aljihuna tun farko. Amma dorina kana ganinta, jandarma kuma kana iya ba shi haƙuri da Faransanci. Wannan tsoron a cikin na'ura yake zaune. Ba ka san ranar da za a danna maka ba. Sai ka wayi gari lafiya, ka fita sayen burodi, alhali tun jiya ka zama wanda ake nema. Na daina cin abinci sosai. In na ji ƙarar mota ta rage gudu a bayana, sai in raɓe jikin bango.

Mai gadon da yake ƙarƙashin nawa Illiyasu ne, mahauci daga Maraɗi. Tun ran da ya ji ni masunci ne ya sa ni gaba, domin tsakanin mahauta da masunta ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Tsoho, matsa can," in ji shi kullum. "Shekara guda ba ka ga kogi ba, amma har yanzu ƙarni kake."

"Gara ƙarni da ƙuda. Kai ko Harami ka shiga, rakiya suke maka."

Shi ne ya lura na rame. Wata safiya ya ce in raka shi unguwar Zahir kai nama wani gida. A hanyar dawowa ya tsaya gaban wani kanti ya nuna mini da haɓa. "Ga danginka nan."

Kantin kayan kamun kifi ne, a tsakiyar Makka, garin da ko kududdufi babu. Ashe mutanen garin sukan cika motoci ranar hutu su tafi gaɓar teku a Shu'aiba. Na shiga don kawai in ji warin zaren fatsa. Ga sanduna a jere, ga ƙugiyoyi, ga darma buhu-buhu. A cikin gilashi na hango abin da ya tsayar da ni: ƙwarin soso, irin waɗanda na shekara bakwai ina ɗaurewa a Faro.

Ga wanda bai sani ba, ƙwaro ne na ƙarya. Ana yanka soso a yi masa siffar fara ko ɗan kifi, a ɗaure shi a jikin ƙugiya da zare, a sa masa wutsiya da gashin zakara. In an jefa shi sai ya zauna a saman ruwa yana rawa, babban kifi ya taso ya haɗiye. Duk aikinsa a kan abu ɗaya yake: kada ya nutse. Wani Bature ɗan Afirka ta Kudu da muke kira Mai Gemu ne ya koya mini. Ban sha wuya ba, domin mahaifina da totuwar kara yake yi wa fatsarsa irin wannan dabarar.

Mai kantin ya fito. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, baƙi kamar ni, cikin farar jallabiya. Abu Nayif ake ce masa. Kakansa da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano. Hausarsa ta tsofaffi ce, in ta ƙare masa sai ya ƙarasa da Larabci.

"Sannu, ya ammi. Kana so wani abu?" Ammi, wato baffana, haka suke kiran dattijo.

Na ce, "Waɗannan daga ina ake kawo su?"

"Daga waje. Tsada. Wata biyu a hanya, sati ɗaya sun ƙare."

"Ina ɗaure su."

Ya dube ni, ya dubi Illiyasu. Illiyasu ya ce, "Ƙarya dai ba ya yi. Wanka ne bai iya ba."

Abu Nayif ya yi dariya, ya zaro ƙugiya goma sha biyu ya zuba mini a hannu. Na gaya masa ina neman mai karɓar kafalata. Ban gaya masa kwana nawa suka rage ba. Na ga yadda ake yi wa wanda aka san wuya ta kai masa iya wuya, a Gabon da Sudan duk ɗaya ne. Ya ce, "Ka kawo. In sun yi kyau, ina da wuri ɗaya a takardun kanti. Wallahi na gaji da jira."

Washegari na hau mota zuwa unguwar Shisha, inda aka ce akwai masu gyaran kujeru. Na sami wani shago, na roƙi guntayen soso. Mai shagon ya nuna mini tari a lungu. Na tsinci wani fari mai santsi, ga laushi, kamar wanda na saba da shi.

A nan na yi kuskuren da yaron kwana uku a sansanin Faro ba zai yi ba. Soso iri biyu ne. Akwai mai ƙofofi a buɗe, irin na katifa, wanda yake shan ruwa. Akwai mai ƙofofi a toshe, wanda iska take kulle a cikinsa. Ido ba ya rarrabe su kullum. Leɓe ne yake rarrabewa: ka ɗora a baki ka hura, in iska ta wuce, ruwa ma zai wuce. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma mutum huɗu ne a shagon suna kallona, tsoho da furfura yana tonon shara, ga kuma wata mota mai fitila a ka ta tsaya a ƙetaren titi. Na ji kunyar kai shara bakina, na ji tsoron daɗewa. Na cusa a leda na fita da sauri.

Na yi kwanaki ina ɗaurewa da rana, in mutanen ɗaki sun tafi aiki. Na ɗaure filaya da roba a bakin gado ta riƙe mini ƙugiya. Illiyasu ya kawo mini gashin zakara daga wurin masu yanka kaji. Ƙwarin sun yi kyau, ni kaina na yaba. Gwaji kuwa, a banɗaki na yi shi, cikin bokitin da mutum shida suke jira. Ruwan gidan da tanka ake kawowa, ba a wasa da shi. Na jefa, suka zauna a sama, na ƙirga goma, wani ya buga ƙofa, na kwashe.

Abu Nayif ya tafi da su teku ranar Juma'a tare da abokansa. Ranar Lahadi na je. Saura kwana takwas.

Bai ce in zauna ba. Ya ɗauko leda ya ajiye a kan gilashi, ya zaro ɗaya, ya matse shi da yatsa biyu. Ruwa ya tsiyayo, ya yi layi har bakin teburi.

"Jifa uku," in ji shi. "Na huɗu, ƙasa. Dukansu. Abokaina sun ce ammina ya ɗaura mini ganyen shayi a leda."

Na ji zufa tana bin bayana alhali na'urar sanyi tana kaina. Na ɗauki ɗaya na kai baki na hura. Iska ta fita ta ɗaya gefen kamar ta cikin rariya, da gishirin teku.

"Laifina ne," na ce. "Soson ne. Na san abin da ya faru."

"Ya ammi, kai babba ne, ba na so in faɗa maka magana. Halas. Ma fi mushkila, ba damuwa."

Na san wannan halas ɗin. Rufe ƙofa ce cikin ladabi. Ban taɓa roƙon wanda na girma ba, amma ran nan na riƙe bakin teburinsa da hannu biyu.

"Ɗana, ka ba ni zuwa Alhamis. Ba sai ka je teku ba. Ka gwada su nan a gabana yadda ka ga dama."

Ya daɗe yana goge gilashin da tsumma. Can ya ce, "Alhamis. Azahar. Ni zan gwada, ba kai ba."

An ce ana samun soson kirki a Jidda. Amma tsakanin Makka da Jidda akwai shingen bincike, ni kuma ban san ko kafili ya riga ya gaji da jira ba. Ban iya ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado da ƙwarin a cinyata, na kasa ko kwance su.

Illiyasu ya shigo da la'asar, ya ji labari. Bai yi tsiya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ya cire silifansa zai hau gado, sai idona ya faɗa kansu. Na ɗauki ɗaya, na lanƙwasa, na kai baki na hura. Kumatuna suka cika, iska ta ƙi wucewa.

"To," in ji Illiyasu, "an zo wurin. Tsoho ya fara cin takalmi."

Nasa ya yi tauri da nauyi, amma irin ne. Da na yi masa bayani ya ce, "In dai silifa ne, ka zo ƙasarsu. Taso."

Ya kai ni bayan tashar motoci. Can masu shara suke tara abin da alhazai suka bari: silifa tuli guda, ya kai ƙugu, fari da shuɗi da kore, na manya da na yara. Wani ya ɓace a turmutsitsi, wani an manta shi a ƙofar masallaci. Na hango masu kauri marasa nauyi, irin da nake so, sun fi ɗari. Illiyasu ya buɗe buhu.

Na miƙa hannu, na janye.

"Mene ne kuma?"

"Tsintuwa ce. Muna cikin Harami."

Tun muna yara malamanmu suke gaya mana tsintuwar Makka ba kamar ta ko'ina ba ce, ba a ɗauka don amfanin kai. A Khartum da na kwashe ban waiwaya ba.

"Baba, shara ce. Gobe mota za ta kwashe ta. Wa zai dawo daga Indunisiya neman wari ɗaya?"

"Na sani."

"Ka tambayi kowane malami, zai ce maka abin da aka yar an yar."

"Wataƙila. Amma ni zaman garin nan nake roƙo. Ba zan roƙe shi da kayan baƙin Allah a hannuna ba."

Ban ce ni ne mai gaskiya ba. Tsoro ne ya yi mini yawa har na kasa ƙara wani a kansa. Illiyasu ya naɗe buhunsa yana cewa masunci ko a Aljanna sai ya sami abin da zai wahalar da kansa.

Litinin da safe na bi kantunan silifa na Kudai. Nan ma akwai wuya. Yawancinsu roba ce mai nauyi, wasu kuma kyau ne kawai a waje. Dole sai na gwada. Wannan karon na ajiye kunya. In ɗauka, in auna a tafin hannu, in lanƙwasa, in kai gefensa bakina in hura. Kanti biyu aka kore ni. A na uku wani tsoho Bayamale ya bar ni na yi huɗu, sannan ya ce da Larabci, "Ya hajji, sumbatar Baƙin Dutse ake yi, ba takalmina ba."

Na zaro ɗaya daga cikin ƙwarin da suka nutse na nuna masa. Ya karɓa, ya juya shi, ya taɓa bakin ƙugiyar da babban yatsa yadda masu sana'a kaɗai suke yi.

"Kai na ruwa ne?"

"Na kogi."

"Ni na teku. Hudaida. Ubana da guntun silifa yake yi wa tarunsa abin tasowa." Ya sake duban ƙwaron. "Amma ƙugiyar nan ta fi ƙarfin jikin nan. Ko soson kirki ne, gindinsa zai ja ƙasa."

Gaskiya ya faɗa, ni kuma ban gani ba. Hannuna ya saba da ƙugiyar kogi, siririya. Ta teku ƙarfe ce mai kauri don kada gishiri ya ci ta, kada babban kifi ya miƙar da ita. Na yanka mata jiki irin na Faro.

Ya shiga ciki ya jawo kwali. Warin silifa ne sababbi waɗanda 'yan'uwansu suka ɓace a buhu, duk ƙafar hagu ko duk ta dama, ba mai saye. Muka zauna a ƙasa mu biyu muna hurawa, har ya fi ni himma. Muka zaɓi takwas, farare da rawaya. Na sa hannu a aljihu, ya buge hannun. "Tafi. In ka kama kifi ka tuna da ni."

A hanyar komawa, dab da gadar da take kusa da tasha, na tarar an tare titi. Motoci biyu, jami'ai suna duba iƙama. Juyawa ba ta yiwuwa, mai juyawa shi ake fara kira. Na shiga layi. Mutum biyar ne a gabana. Na ga an ware ɗaya an sa shi a mota, ledar burodinsa tana hannunsa. Na fara karanta duk abin da na sani, ayoyin suna shiga juna. Na ji fitsari ya matse ni kamar ƙaramin yaro.

Jami'in saurayi ne, bai kai ɗana na biyu ba. Ya karɓi katin, ya danna lambar a na'urarsa. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai san na ga Yawuri, na ga kaina ina sauka daga mota a tasha da kaya ɗaya a jiki, mutane suna cewa ga shi nan, an koro shi.

"Buɗe ledar."

Na buɗe. Silifa takwas duk na ƙafar hagu, reza, gam, ƙugiyoyi. Ya ɗaga gira. Na nuna masa ƙwaron, na ce na kamun kifi ne.

Ya kira abokinsa ya nuna masa, suka yi murmushi. "Ya ammi, ka san babu teku a Makka?" Ya miƙo mini katin. "Saura sati ɗaya. Ka sabunta."

Na wuce su, na sha kwana, na zauna a kan wani dakali.

Ran nan da na zauna ɗauri hannuna bai daina rawa ba. Na yi ɗaya, na ajiye. Talata da Laraba na yi sauran, tun daga hantsi har hasken taga ya gushe. Na kwance tsofaffin don in sami ƙugiyoyin. Na fere silifa da sabuwar reza, na jefar da fatar ƙasa mai tauri, na ɗauki tsakiyar. Na yanka jiki ya kusa ninka na da, na ƙara kauri ta baya inda ƙugiya take lanƙwasa, domin nan nauyi yake. Na fara naɗe ƙarfen da zare don soso ya sami abin kamawa. Gam ɗigo ɗaya tak, domin in ya yi yawa yana ƙone soso ya mai da shi dutse. Sai zaren ɗauri, wanda shi ne inda masu gaggawa suke faɗuwa. Zagaye biyu na farko a sassauce, sannan a ja a hankali. In ka shaƙe shi, ka matse iskar da za ta ɗaga shi, ko zaren ya yanka shi ruwa ya sami ƙofa. Illiyasu ya sayo mini bokiti nawa na kaina, ya cika shi da ruwa, ya hana kowa taɓawa. Ya ce wa mutanen ɗaki kifin tsoho yana barci.

Alhamis na isa Zahir tun kafin azahar. Abu Nayif ya riga ya ajiye babban bokiti a tsakiyar kanti, ya zuba gishiri ya motsa. Ya karɓi ƙwarin ya dudduba.

"Wannan mene ne? Kamar na san shi."

"Silifa."

Bai yi dariya ba. Ya tattara su goma sha biyu, ya tura hannu har gwiwar hannu ya danna su ƙasan bokiti, ya murza kowanne a cikin ruwa kamar mai wanki. Sannan ya kife musu tasa, ya ɗora darma uku a kai. Aka kira salla.

"Mu je," in ji shi. Ya ja ƙofar kanti ya kulle.

Allah ya yafe mini sallar nan. Ban san surar da na karanta ba. A ruku'u ina tunanin gam, a sujada ina tunanin ko akwai wanda reza ta huda ban gani ba. Da aka sallame na yunƙura, Abu Nayif ya tashi nafila. Ya gama, ya tsaya gaisawa da wani maƙwabcinsa, suka yi ta tambayar 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya ce mu ci abinci. Aka kawo shinkafa da kaza, na yi loma uku na janye hannu. Sai wajen la'asar muka koma.

Ya naɗe hannun riga, ya kwashe darma, ya ɗaga tasar.

Suka taso a guje, suna bugun juna, suka baje a saman ruwa da ƙugiyoyinsu a ƙasa, bayansu a bushe kamar ba su taɓa jiƙewa ba. Na ƙirga da idona. Goma sha ɗaya. Na goma sha biyun ya biyo baya a hankali, ya tsaya a karkace, kai kawai a waje.

Abu Nayif ya bar goma sha ɗayan, ya ɗauko wannan. Ya matse shi. Ɗigo biyu suka fito daga inda zare ya yanka wuyansa.

"Wannan fa, ya ammi?"

Na yi tunanin in ce rezar ce. Na ce, "Ranar Litinin na ɗaure shi. An tsayar da ni a hanya. Hannuna yana rawa, na ja zaren da ƙarfi."

Ya dube ni, ya dubi hannuwana. Ya goge nasa a jikin tsumma.

"Kawo iƙama."

Na ba shi. Ya sa lambar a wayarsa, ya tsaya yana karantawa, fuskarsa ta canza.

"Litinin za ta mutu. Kwana huɗu, biyu hutu." Ya ɗago. "Kwana huɗu, ka zauna ina ba ka kaza? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ji tsoro."

"Tsoron wa? Ni?"

Ya yi tsaki, ya ja kujera, ya duƙufa a kan wayar. Ya kira dogon da lambar da na ba shi, ya yi masa Larabcin da ban taɓa jin mai sauri irinsa ba, ya ce kafili ya amince yanzu, ba gobe ba, yana kan layi yana jira. Muka jira. Ruwan bokiti ya kwanta, ƙwarin suna ta juyawa a kansa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro, saƙon sauya kafala ne, rubutun ya haɗe mini. Na miƙa masa.

"A'a," in ji shi. "Wannan kai za ka danna. Nan, inda aka ce na yarda."

Na danna sau biyu ban samu ba. Ya riƙe mini wuyan hannu, na danna na uku.

Na zame na zauna a kan buhun darma. Abu Nayif ya kwashe ƙwarin daga ruwa yana jera su a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, bai dube ni ba, ya bar ni na gama share idona da hannun rigata.

"Lahadi da safe," in ji shi. "Zan sa maka teburi can kusa da taga. Ɗari nake so kafin ƙarshen wata. Kuma, ya ammi, in abokaina sun tambaya, kada ka ce musu silifa ne."